Hangen Teku Ba Shiga Ruwa Ba: Wa Ya Katange Bakin Tekun Legas?

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya fi shekara 20 yana kawo raguna Legas gabanin Babbar Sallah. Ya san Agege, ya san Alaba Rago, ya san inda ake cin tuwo mai kyau a Idi-Araba, amma bai taɓa ganin teku ba. Bara da ya sayar da ragunansa ya ɗaure kuɗinsa, sai ya ce da ni: "Ɗana, kafin in hau mota ina so ka kai ni in ga ruwan nan da ake cewa ba a hango ƙarshensa. Na gaji da jin labari."

Washegarin Sallah muka kama hanya: ni da maiɗakina da yara huɗu, da Kawu da yaronsa mai taya shi kiwo. Mu takwas ke nan. An dafa shinkafa, an soya naman layya, an cika kula da zoɓo. Daga Agege zuwa ɓangaren Lekki muka ci fiye da awa biyu a cunkoso. Da muka isa, ba mu kashe mota ba sai ga wasu samari sun ce a biya kuɗin ajiye ta. Muka biya. A bakin ƙofa aka ƙirga kawunanmu, har da autata da ba ta shiga makaranta ba, aka faɗi kuɗin shiga, dubban nairori kowane kai. Sai aka nuna kular abincinmu aka ce ita ma tana da nata kuɗin. A ciki kuma, in kana son inuwa, rumfa da kujera haya ake bayarwa. Kawu yana tsaye yana kallon yadda nake ta zaro kuɗi, sai ya matso ya ce mini a hankali: "Wanda ya haƙa rijiya shi ke da ikon sa mata murfi. To wannan ruwan, wa ya haƙa shi?"

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta ƙi barina. Jihar Legas tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 180. Mutanen birnin sun haura miliyan 15, gwamnatin jihar ma cewa take sun wuce miliyan 20. Amma a yau, magidancin da ke zaune a ɗaki ɗaya a Mushin ko Ajegunle ko Agege, in ya ce zai kwashi iyalinsa su je su zauna a kan rairayi su sha iska, da wuya ya sami wuri kusa da gari mai tsabta da tsaro wanda zai shiga bai biya ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, Jihar Legas ta kai nata 85,000. Kowa ya yi lissafin abin da fita ɗaya ta mutum shida za ta ci daga ciki, bayan kuɗin mota. Ni a ganina wannan ba ƙaramar hasara ba ce, kuma ba haka abin yake da can ba.

Duk wanda ya zauna a Ikko kafin shekarun 2000 ya san Bar Beach. A lokacin yana gefen titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island, titin da aka sa wa sunan Sardauna. Ba ƙofa, ba katanga, ba tikiti. Ka sauka daga molue ko danfo a Obalende ka ƙarasa. Ranar Sallah da Kirsimeti da Ista wurin cika yake maƙil: masu doki suna ɗora yara su zagaya da su, da yawansu 'yan Arewa, masu tsire sun hura wuta, masu rake da gyaɗa da kwakwa suna zagaye, masu ɗaukar hoto suna rataye da kyamara, can gefe kuma 'yan cocin nan masu fararen riguna suna addu'o'insu babu takalmi. Ɗan dako da babban sakatare rairayi ɗaya suke takawa. Wurin yana da baƙin tarihinsa ma, don a nan ne gwamnatin soja ta riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin gangar ƙarfe tana harbe su a bainar jama'a, cikinsu har da Ishola Oyenusi a 1971. Ko wannan ma shaida ce cewa filin na kowa ne: gwamnati ta zaɓe shi ne domin nan jama'a ke taruwa.

Gaskiya ita ce ba attajirai ne suka fara cinye Bar Beach ba, teku ne, kuma Turawan mulkin mallaka ne suka ba shi hanya ba da niyya ba. A wannan gaɓar, igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Daga 1908 aka fara gina dogayen ganuwoyin duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas domin kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Ganuwar ta yi aikinta, ta tare yashin a ɓangaren yamma, wajen Tarkwa Bay. Ɓangaren gabas, wato Bar Beach, sai ya zama ruwa yana kwashe masa yashi, ba a kawo masa wani. Shekara da shekaru gwamnatoci suna ba da kwangilar zuba yashi, damina ɗaya ko biyu teku ya lashe. Har ta kai ruwa yana haurowa titin Ahmadu Bello yana shiga gine-ginen da ke bakinsa, ciki har da ofisoshin da jihohi suka gina a nan lokacin Legas tana babban birnin tarayya.

Maganin da aka samo shi ne Eko Atlantic. Aka ba wani kamfani na rukunin Chagoury dama ya haƙo yashi daga cikin teku ya cike wurin da ruwa ya cinye, ya gina sabon birni mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10, ya kare shi da ganuwa mai tsawon kilomita 8.5 wadda aka jera da tubalan kankare masu nauyin tan biyar-biyar. A watan Fabrairun 2013 aka yi babban biki, Shugaba Goodluck Jonathan da Gwamna Babatunde Fashola da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton duk sun halarta. A cikin wannan sabon birni ne Amurka ke gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta. Ba na musun cewa ganuwar ta ceci Victoria Island daga ambaliyar teku, ta ceta. Abin da nake tambaya shi ne, a cikin wannan makekiyar ƙasa da aka ƙirƙiro a kan wurin shan iskar talakawa, me ya hana a ware ko kilomita ɗaya a ce wannan madadin Bar Beach ne, kowa ya shigo? An karɓe filin jama'a, an mayar da shi fuloti-fuloti ana sayarwa da dala, mutanen da suka rasa wurin ko sannu ba a yi musu ba. Mazauna ƙauyukan da ke gabas da shi, irin su Okun Alfa inda Alpha Beach yake, sun daɗe suna kukan cewa zaizayar ta koma kansu ne tun da aka yi ganuwar. Kamfanin ya musanta. Abin da ido ke gani dai shi ne teku ya ci gidaje da hanya da itatuwan kwakwa a can.

Daga nan abin ya riƙa tafiya salo ɗaya. A watan Agustan 2012 igiyar teku ta afka wa Kuramo, wanda ke maƙwabtaka da Bar Beach, mutane suka mutu, gwamnati ta rushe rumfunan wurin ta kori kowa. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay cikin 'yan sa'o'i, bisa dalilin cewa ana fasa bututun mai a yankin. Tarkwa Bay, ga wanda bai sani ba, shi ne wurin da ruwansa ya fi kwanciya a duk Legas saboda ganuwar tashar jiragen ta yi masa garkuwa, kuma sai da kwale-kwale ake zuwa. Ba kowa ne mai fasa bututu ba, amma masunta da masu sayar da abinci da yaran da ke koya wa baƙi wasan hawa igiyar ruwa duk aka haɗa aka share. Sauran wuraren da suka rage a lokacin, Oniru da Elegushi da na bayansu, suna hannun gidajen sarauta da 'yan kasuwa, kowanne da ƙofarsa da mai karɓar kuɗi.

Sai kuma 2024, lokacin da aka fara babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700. Kashin farko, kilomita 47, ya tashi ne daga titin Ahmadu Bello ɗin nan ya nufi Eleko. A ƙarshen watan Afrilu katafila ta shiga wurin shaƙatawa na Landmark ta rushe abin da ke bakin ruwa. Ƙasa ta ɗauka, jaridu da gidajen talabijin da shafukan sada zumunta kowa yana magana a kan jarin da aka yi hasara da ma'aikatan da za su rasa abinci. Kukan yana kan hanya, ban raina shi ba. Amma na lura da wani abu: ranar da aka taɓa wurin da masu hali ke biyan kuɗi su shiga, har ministan ayyuka David Umahi sai da ya fito ya yi ta bayani. Ranar da Bar Beach ya tafi, wa ya yi wa wa bayani? Kashin dankali ke nan, manya a sama, ƙanana a danne.

Mu a Arewa muna da kalmar da ta dace da wannan magana: hurumi. Kowane tsohon gari yana da filin da ba a nomawa, ba a ginawa, ba a sayarwa, an bar shi don kiwo da itace da amfanin kowa. Haka burtali, haka mashaya, haka filin Idi. Mai unguwar da ya yanka hurumi ya sayar, ko bayan ransa ba a daina ambatarsa da abin. A hadisi ma an ce Musulmi abokan tarayya ne a abubuwa uku: ruwa da makiyaya da wuta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuwa cewa ta yi ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Ban ga abin da ya fi cancantar a kira shi hurumi ba kamar bakin teku. Ba kuma mafarki nake ba. A Brazil tsarin mulkin 1988 ya sa bakin teku cikin dukiyar ƙasa, shi ya sa a Rio de Janeiro ɗan unguwar talakawa ke saukowa daga kan tudu ya shimfiɗa zaninsa a Copacabana, a gaban otal-otal ɗin da kwana ɗaya a cikinsu ya fi albashinsa na wata. Kada ma a tafi da nisa: 'yan kasuwarmu da ke zuwa Kwatano sun san da yamma kowa na iya takawa bakin ruwa a Fidjrosse ya zauna.

(Kafin wani ya ce ina leƙen gidan maƙwabci: na san yadda muka yi da namu hurumin a Kano da Kaduna da Zariya, na san filayen makarantu da maƙabartu da bakin ganuwa da suka koma shaguna. Ciwon ɗaya ne, a Legas dai ya fi fitowa fili ne saboda abin da aka katange ɗin teku ne guda.)

Akwai hujjar da masu kare wannan tsari ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ka tuna yadda Bar Beach na kyauta yake: leda da kwalabe ko'ina, ba bayan gida, 'yan daba suna karɓar na goro da ƙarfi, masu shaye-shaye sun kama gefe, kuma kusan kowane biki sai ruwa ya tafi da wani. Tekun Legas ba kogin Wudil ba ne. Yana da wani irin ja a ƙarƙashi wanda ke fizgar ƙafar mutum ya yi ciki da shi, ko gwanin iyo yana shakkarsa. Wuraren da ake biya kuwa suna share rairayi, suna da masu gadi, wasunsu suna da masu ceto da jan tuta ta gargaɗi. Duk wannan gaskiya ne, ni ma da na biya ɗin na ga bambanci. Sai dai me hujjar ta tabbatar? Ta tabbatar da cewa gwamnati ta ƙi yin aikinta ne a wurin da yake na kowa. Shara da bayan gida da mai ceto ba abin da ya fi ƙarfin jihar da ta fi kowace jiha a Najeriya tara kuɗin shiga ba ne. In kasuwa ta yi datti, share ta ake yi, ba a kulle ta a ce sai mai mota zai shiga. Kuma ni ban ce a rushe wuraren masu kuɗi ba. Mai son kiɗa da kujerar kwanciya da lemo mai tsada ya je ya biya, halalinsa ne. Abin da na ƙi shi ne a wayi gari babu wani zaɓi sai shi.

Akwai ma wurin da nake biyan kuɗin shiga da daɗin rai, kuma shi ne ya fi nuna mini abin da ake iya yi in an yi niyya. Gandun Lekki, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 da tallafin kamfanin mai na Chevron, hekta 78 ne kacal. Lokacin da aka killace shi, Lekki daji ne da fadama, wasu ma suna ganin ɓata fili ne. Yau ka tsaya a bakin ƙofarsa, gaba da baya rukunin gidaje ne da manyan kantuna da hayaniyar babbar hanyar Epe. Ka yi tafiyar minti biyar a kan gadar katako da aka shimfiɗa bisa fadamar, sai ƙarar mota ta ɗauke, iska ta yi sanyi, ka ji kukan tsuntsayen da ba ka taɓa ji a Oshodi ba. Birai suna bin mutane, in ka yi sake su fizge maka biskit. Akwai kada a cikin ruwan, akwai ɗawisu da wani tsohon kunkuru a harabar shiga. Sai gadar nan mai lilo da aka buɗe a 2015, tsawonta mita 401, wurin da ta fi tsayi ya haura mita 22, wadda ake cewa babu mai tsawonta a Afirka. Na ga ƙato mai gemu ya kai tsakiyarta ya riƙe igiya yana salati, 'yarsa 'yar shekara 15 tana gaba tana masa dariya. Daga can sama kana ganin abin da Lekki take a da, kana kuma ganin rufin gidajen da suka cinye saura. Kuɗin da aka karɓa a nan, ana ciyar da masu gadin daji ne da gyaran katako, kuma daji abu ne da cinkoso ke kashewa, dole a taƙaita masu shiga. Rairayin bakin teku ba haka yake ba, mutum dubu goma su taka shi yau, gobe igiyar ruwa ta goge sawunsu.

Gandun Lufasi da Desmond Majekodunmi ya kafa a hanyar Epe shi ma irin wannan ne, mutum ɗaya ya ƙi sayar da gonarsa ga masu gini. A cikin tsibirin Legas kuma akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa na titin Broad inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, wanda aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Gwamnatin Fashola ta kafa hukumar kula da lambuna a 2011, an shuka itatuwa, an gyara ƙarƙashin gadoji, akwai lambun Ndubuisi Kanu da na Johnson Jakande Tinubu a Alausa, da na Muri Okunola a Victoria Island. An yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Amma a dubi inda suke: kusa da sakatariyar gwamnati da unguwannin masu hali. Alimosho, ƙaramar hukumar da ta fi kowacce yawan jama'a a jihar, yaranta a kan titi suke buga ƙwallo, in mota ta taho a ɗauke duwatsun raga. Tsohon lambun Ikoyi na zamanin Turawa kuwa tuni ya zama rukunin gidaje, sunan kawai aka bar masa, Parkview.

Wani zai ce mutanen da ke neman na tuwo ina ruwansu da shan iska? Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana a ɗaki ɗaya da mutum bakwai a watan Maris ba, babu wuta, janareton maƙwabci yana turo hayaƙi ta taga. Mai gida a Ikoyi yana da lambu a bayan gidansa, yana da wurin wanka, in ya gaji ya hau jirgi. Wanda ya fi kowa buƙatar fili shi ne wanda ba shi da tsakar gida: mai gadi, mai wankin takalmi, mai tura baro a Mile 12, matar da ke wuni a kan kasko. Kuma 'yan Arewa ba baƙi ba ne a wannan magana. Tun 1863 da Glover, Baturen mulkin mallaka, ya kafa rundunarsa ta Hausawa muke cikin garin nan, Obalende ma da barikinsu ta tashi. Yau yaranmu ne ke jan dawakai a rairayin, su ke gasa tsiren, su ke gadin ƙofar. Suna shiga a matsayin ma'aikata, ba sa iya shigo da 'ya'yansu a matsayin masu yawon Sallah.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Tunda ana kan gina hanyar Kalaba, kuma gwamnati ta riga ta karɓi filin da ke bakin ruwa da sunan amfanin jama'a, to a nuna amfanin jama'ar: a kowane 'yan kilomitoci a bar mashiga zuwa rairayi wadda doka ta hana a sa mata ƙofa, da tashar mota, da bayan gida, da mai ceto da gwamnati ke biya. Duk wanda aka ba izinin gina wurin shaƙatawa a bakin teku a sa masa sharaɗin barin hanyar ƙafa da za ta kai mutum ruwa. A yammacin jihar, wajen Badagry, inda har yanzu akwai dogon rairayi da itatuwan kwakwa, da tsibirin Gberefu inda aka riƙa loda bayi a jirgi, a shata hurumin tun yanzu kafin masu fuloti su iso, kamar yadda aka yi wa gandun Lekki a 1990. In aka jira sai an gama hanya, farashin fili zai yi tashin da babu gwamnan da zai iya cewa a bar shi haka.

Kawu dai ya ga teku. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya tsaya inda kumfa ke iso masa idon sawu, ya daɗe bai ce komai ba. Da igiya ta ja yashin ƙarƙashin ƙafarsa sai ya yi baya da sauri yana "Subhanallahi". Ya ɗanɗana ruwan ya tofar. Sannan ya sa yaronsa ya juye sauran zoɓon da ke wata gora, ya ɗauraye ta, ya cika ta da ruwan teku zai kai wa Inna da jikoki su gani. Da muka zo fita ya ɓoye gorar a cikin babbar rigarsa. Na ce, "Kawu, me ya sa?" Ya ce, "Yi shiru, ɗana. Kada su gani su ce shi ma da kuɗinsa."